Yini Ɗaya Tsakanin Dajin Redwud da Hasumiyar Battery Point: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga 'yan'uwa mazauna Amurka, ɗalibai da ma'aikata da masu zuwa ziyara, idan suka yi niyyar ɗaukar mota su je gaɓar teku a ƙarshen arewacin Kalifoniya. An fara da na farko-farko, sannan aka shiga masu zurfi.

Ina ne wurin, kuma me ake zuwa gani?

Garin Crescent City ne cibiyar tafiyar. Ƙaramin gari ne na masunta a bakin Tekun Fasifik, kimanin kilomita 30 kudu da iyakar jihar Oregon. A gabashinsa, tafiyar 'yan mintuna a mota, akwai gandun Jedediah Smith, inda redwud, wato dogayen itatuwa masu jan katako, waɗanda gatari bai taɓa su ba suke tsaye. A yammacinsa kuma, kan wani tsibirin dutse da ke daf da gaɓa, akwai hasumiyar Battery Point, wadda fitilarta ta fara nuna wa jiragen ruwa hanya a 1856.

Jedediah Smith ɗaya ne daga cikin gandaye huɗu da ake gudanarwa tare: uku na jiha, wato shi da Del Norte Coast da Prairie Creek, sai na tarayya da aka kafa a 1968. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1980. Ƙasar kuwa tun asali ta mutanen Tolowa ce a arewa da Yurok a wajen kogin Klamath, kuma har yau suna nan.

Yini ɗaya zai isa kuwa?

Zai isa idan a Crescent City ko kusa da shi ka kwana. Ba zai isa ba idan kana tunanin tasowa daga San Francisco da asuba ka koma da dare. Tsakaninsu kusan kilomita 570 ne a kan babbar hanya mai lamba 101, tuƙin awa shida da rabi zuwa bakwai, kuma rabin hanyar kwana-kwana ce cikin duwatsu. Daga Medford ta Oregon, ta hanya mai lamba 199, wajen awa biyu ne. Daga Eureka kuma awa ɗaya da rabi zuwa biyu.

Saboda haka “yini ɗaya” a nan yana nufin yinin yawon kansa. Ka ware wa zuwa da komawa nasu ranakun.

Da me zan fara, daji ko hasumiya?

Ba kai ke zaɓa ba, teku ke zaɓa. Babu gada zuwa hasumiyar. Da ƙafa ake tsallakawa ta kan duwatsu da tsakuwa, kuma sai ruwa ya janye hanyar ke fitowa. Da ya dawo sai ta nutse, wanda ke tsibirin ya zauna can har janyewa ta gaba. Itatuwan kuwa sun shekara ɗaruruwa a tsaye, ba inda za su kafin la'asar.

Don haka kafin ka tsara komai, ka gano ƙarfe nawa teku zai janye a ranar, ka sa ziyarar hasumiya a wannan lokacin, sannan ka jera sauran a gabanta da bayanta. Idan janyewar ta faɗo da safe, hasumiya ce farko, daji bayan azahar, kuma wannan ne tsarin da na fi so saboda hasken yamma a Stout Grove, wani kurmi da ke cikin Jedediah Smith, kamar yadda za ka gani a amsar hanyar daji. Idan ta faɗo da yamma, sai ka juya tsarin. Akwai ranakun da janyewar kirki ke zuwa cikin dare ko kafin gari ya waye. A irin wannan rana sai dai ka kalli hasumiyar daga gaɓa, ko ka canza ranar tun kana gida.

Yaya zan san lokacin da teku zai janye?

Hukumar NOAA, mai kula da harkokin teku da yanayi a Amurka, tana wallafa jadawalin cika da janyewar teku na Crescent City a intanet, na shekara guda cur, kyauta. Teku na cika sau biyu ya janye sau biyu a kusan kowace rana, amma a wannan gaɓar janyewar biyu ba daidai suke ba, ɗaya ta fi ɗaya ƙasa. Mafi ƙasan kake nema. Lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana, shi ya sa labarin wanda ya je makon jiya ba zai yi maka aiki ba.

Wanda ya saba da lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan. Wata ne ke jan ruwan, kuma janyewa mafi zurfi tana zuwa ne wajen tsayuwar wata da kuma wajen ranakun 14 da 15. A wajen 7 ga wata da 22 ga wata tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan ragu, hanyar ba ta daɗewa a buɗe. Duk da haka jadawali hasashe ne na ruwa kawai, bai san da iska ba. Ranar da teku ke tashin manyan igiyoyi, ko jadawali ya ce an janye, kada ka tsallaka. Ka duba amsar haɗurra a ƙasa.

Me ake nufi da tsohon daji? Ba duk daji ne tsoho ba?

A'a. Yawancin redwud da za ka gani a gefen hanya 101 tohon baya ne, itatuwan da suka fito bayan an sare na asali. Za ka gane su: kusan tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, sun cushe, ƙasansu duhu babu ciyawar kirki, ga kututturai manya a tsakani.

Tsohon daji shi ne wanda ba a taɓa sarewa ba. A cikinsa akwai itace mai shekara 1,000 kusa da mai shekara 50, ga gungumen da ya faɗi yana ruɓewa, ƙananan itatuwa sun tsiro a bayansa a jere. Kafin 1850 irin wannan daji ya kai eka miliyan 2 a gaɓar. Aka gano zinariya a Kalifoniya, mutane suka kwararo, aka buƙaci katako na gina garuruwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injin sare itace da katafila suka ƙara wa aikin sauri. Abin da ya rage yau bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, kuma kusan rabin wannan ragowar yana cikin gandayen nan huɗu.

Abin da ya tsira ba sa'a ce kawai ta tsirar da shi ba. Ƙungiyar Save the Redwoods League, wadda aka kafa a 1918, ta riƙa tara kuɗi tana sayen filaye daga hannun kamfanonin katako tana miƙa wa jiha. Stout Grove kansa, eka 44, Clara Stout ce ta bayar da shi a 1929 don tunawa da mijinta Frank Stout, wanda shi ma da katako ya yi arziki.

Me ya sa itatuwan ke yin tsawo haka, kuma me ya sa sai a nan?

Ruwa ne da sanyi. Redwud na gaɓa ba ya tsira da kansa sai a wani siririn yanki mai tsawon kilomita 700 da wani abu, daga Big Sur da ke tsakiyar gaɓar Kalifoniya zuwa kudancin Oregon. Daga Oktoba zuwa Afrilu ana tafka ruwan sama. Da bazara ruwa ya ɗauke, sai hazo mai danshi ya riƙa tasowa daga teku, ya maƙale a ganye, ya riƙa ɗiga ƙasa. Wani ma ganyen ke sha kai tsaye. Inda hazon ya daina kaiwa, nan dajin ya ƙare.

Kuka tana cika ido ne da kauri, shi kuwa redwud sama yake tafiya, har ya wuce mita 100, tsawon bene mai hawa 30 ke nan da ɗoriya. Ɓawonsa kan kai kaurin santimita 30, ba shi da ƙaro mai kama wuta, kuma sinadarin da ke ba katakon jan launi yana korar ƙwari da ruɓa. Shi ya sa za ka ga itace wuta ta cinye cikinsa ya zama kogo, amma samansa kore shar. Wasu sun haura shekara 2,000. Saiwarsa kuwa ba ta nitsa sosai, mita uku zuwa huɗu ne, sai dai ta bazu gefe ta sarƙe da ta maƙwabta. Ka riƙe wannan batu na saiwa, domin shi ne dalilin dokokin da ke cikin amsoshi biyu masu zuwa.

Wace hanya zan bi a cikin dajin, kuma ƙaramar mota za ta iya?

Howland Hill Road. Daga gari ka bi Elk Valley Road, ka karya ka hau tudu, kwalta ta ƙare, ka shiga tsohuwar hanyar keken doki da ta ratsa tsakiyar Jedediah Smith. Tsawonta kimanin kilomita 16 ne, yawancinta ƙasa da tsakuwa, wani wurin itatuwa biyu sun matse ta har mota ɗaya ce kawai ke wucewa. Ƙaramar mota tana bi lafiya idan an tafi a hankali. Babbar motar kwana da mai jan tirela kada su gwada. Idan motar haya ce, ka karanta takardar yarjejeniyar, wasu kamfanonin sun hana hawa hanyar da ba kwalta. Hanyar ta fita kusa da ƙauyen Hiouchi a kan hanya 199, inda akwai ofishin baƙi, daga nan sai ka zagayo gari a kan kwalta.

Wurin tsayawa biyu sun ishe ka. Stout Grove zagaye ne da bai kai kilomita ɗaya ba, a shimfiɗe, gefen kogin Smith, kogin da ya rage cikin manyan kogunan Kalifoniya ba a datse shi da madatsa ba. Da bazara, wajen la'asar, rana na shigowa ta gefen kogin ta ratsa tsakanin itatuwan. Na biyu shi ne Grove of Titans, tafiyar kusan kilomita uku zuwa da dawowa. Masu bincike Steve Sillett da Michael Taylor suka gano girman itatuwan wurin a 1998, aka ɓoye inda suke, daga baya labari ya fasu a intanet, mutane suka riƙa kutsawa suna tattake saiwoyi da ciyayi. Dole aka gina dakalin ƙarfe mai tsawon kusan mita 400 a sama da ƙasa, aka buɗe shi a 2022. Kada ka sauka daga kansa don hoto.

Mai ƙarfin ƙafa zai ji ana yabon hanyar ƙafa ta Boy Scout Tree Trail. Ta cancanci yabon, amma kusan kilomita tara ce, za ta cinye maka rabin yini. A ganina ba ta ranar hasumiya ba ce.

Zan iya ganin itacen da ya fi kowane tsawo a duniya?

Ba za ka iya ba. Sunansa Hyperion, tsawonsa wajen mita 116, an gano shi a 2006 can kudu cikin gandun tarayya, inda babu hanya. Masu nemansa sun lalata gindinsa kamar yadda aka yi a Grove of Titans, sai hukuma ta rufe yankin a 2022. Wanda aka kama zai iya biyan tarar da ta kai dala 5,000, har da ɗaurin wata shida. Ba ka kuma yi asarar komai ba: daga ƙasa ido ba ya bambanta itace mai mita 95 da mai mita 116, saman duka ya ɓace cikin rassa.

Me ke cikin hasumiyar, kuma ana shiga?

Kada ka sa ran doguwar hasumiya. Gidan dutse ne fari mai jan rufi, hasumiyar ta fito ta tsakiyar rufinsa, yadda mai tsaro zai hau wurin fitila ba tare da ya fita cikin iska ba. An kunna ta ranar 10 ga Disamba, 1856, shekara uku bayan kafa garin, lokacin da jirage ke kawo kaya ga masu haƙar zinariya. Daga baya jiragen katako ne suka fi amfana da ita. Wato fitilar da kake kallo ita ta riƙa haska wa dajin da ka baro hanyar fita zuwa kasuwa.

Asalin gilashinta irin wanda Augustin Fresnel na Faransa ya ƙirƙiro ne, zobba-zobba na gilashi da ke tattara hasken ƙaramar fitila su harba shi nesa. A 1953 aka mayar da fitilar mai aiki da kanta, a 1965 aka kashe ta, a 1982 aka sake kunnawa. Ƙungiyar tarihi ta gundumar Del Norte ce ke kula da gidan, 'yan sa-kai ke kwana a ciki, su ne kuma ke zagayawa da baƙi su nuna kayan ɗaki na da, da littattafan masu tsaro, har a hau matsattsen tsani zuwa ɗakin fitila. Ana biyan ɗan kuɗi kaɗan. Lokutan buɗewa suna bin teku da kakar shekara, don haka ka kira su kafin ka taso. Ko gidan na rufe, ana iya tsallakawa a zagaya tsibirin.

Gaskiya ne tsunami, wato manyan igiyoyin teku da girgizar ƙasa ke tayarwa, ta taɓa cinye garin?

Gaskiya ne. Ranar 27 ga Maris, 1964, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.2 ta auku a Alaska. Cikin dare igiyoyi huɗu suka iso Crescent City. Na farkon ba su yi ɓarna mai yawa ba, har wasu suka koma duba shagunansu. Ta huɗun ce ta zo da tsawon kusan mita shida, ta rushe unguwannin tsakiyar gari, mutum 11 suka rasu. Masu tsaron hasumiyar suna tsibirin a daren, sun ga ruwa ya janye har ƙasan tashar jirage ya bayyana kafin ya dawo. Hasumiyar ta tsira. A 2011 ma girgizar Japan ta turo igiyar da ta farfasa tashar jiragen masunta.

Abin da ya shafe ka: idan ka ji ƙasa ta girgiza kana bakin teku, ko ka ga ruwa ya janye ba bisa jadawali ba, ko ka ji jiniya, ka nufi tudu nan take, da ƙafa idan hanya ta cushe. Akwai alluna masu launin shuɗi da ke nuna inda za a bi. Kada ka dawo bayan igiyar farko.

Na ji ana maganar wata hasumiya a tsakiyar teku. Ita ce wannan?

Wata ce daban, St. George Reef, kusan kilomita 10 daga gaɓa. A 1865 jirgin Brother Jonathan ya daki dutse a wurin, mutum fiye da 200 suka halaka, 19 kawai suka tsira. An shafe kusan shekara goma ana gina ta a kan dutsen da igiya ke wankewa, aka kunna ta a 1892, ta ci kuɗi fiye da kowace hasumiya a Amurka a zamaninta. An daina aiki da ita a 1975. Ranar da gari ya washe ana hango ta daga Point St. George, arewa da gari kaɗan.

Idan lokaci ya rage, ina zan ƙara?

Ka nufi kudu a kan 101. Akwai wurin tsayawa a saman bakin kogin Klamath inda kogi ke haɗuwa da teku. Gaba kaɗan sai Newton B. Drury Parkway, kwalta ce mai kilomita 16 cikin tsohon dajin Prairie Creek, a ƙarshenta akwai fili inda garken elk, manyan dabbobi dangin barewa, ke kiwo. Amma tuƙin kusan awa ɗaya ne daga gari, ga wani wuri da ake kira Last Chance Grade inda ƙasa ke zaftarewa, aikin hanya kan tsayar da motoci.

Fern Canyon, kwazazzabon da bangonsa ke lulluɓe da ganye, yana buƙatar izinin da ake nema a intanet daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Satumba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka bar shi sai washegari.

Nawa zan kashe?

Babu kuɗin shiga gandun tarayya, kuma Howland Hill da Stout Grove da Drury duk kyauta ne. Ana biya a wasu wuraren jiha, kamar filin shaƙatawa na sansanin Jedediah Smith da Gold Bluffs Beach. Babban kashe kuɗin shi ne masauki, mai tsada da bazara, da man fetur, wanda a Kalifoniya ya fi na yawancin jihohi tsada. Ka cika tanki a gari, ka kuma sauke taswira a wayarka, domin sabis na ɗaukewa da zarar ka shiga daji.

Wane lokaci ya fi, kuma me zan sa?

Mayu, Yuni, Satumba da farkon Oktoba. Yuli da Agusta sun fi cunkoso da hazo. Lokacin sanyi daji ya fi kyau da shiru, amma ruwa ba ya ɗaukewa, itace kan faɗi ya toshe hanya, teku kuma ba ya barin a tsallaka sau da yawa.

Sunan Kalifoniya na yaudarar mutane su zo da riga shara-shara. A wannan gaɓar ko tsakiyar bazara zafi ba kasafai yake kai digiri 20 ba. Ka zo da rigar sanyi da ta ruwa, da takalmi rufaffe mai kama ƙasa. Silifa ba ta duwatsun hasumiya ba ce. Mai doguwar riga ko abaya ta sa wando a ciki, ta yadda za ta iya tattarewa wajen tsallakawa.

Salla da abinci fa?

Ka zo da darduma da butarka, domin ba yankin masallatai ba ne. Wuraren ajiye mota da tebura na gefen kogi suna da sarari, ka shimfiɗa a nan, ba kan ciyayin gindin itace ba. Alƙibla daga nan ba gabas take ba, arewa ce ta ɗan karkata gabas. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, a Disamba kuwa kafin biyar magariba ta yi.

Kifi shi ne mafita a gidajen abincin bakin tasha. Ka dai tambaya kafin ka sha farar miyar nan ta kayan teku da ake sayarwa ko'ina, yawanci ana sa mata naman alade, kuma kwaɓin da ake soya kifi da shi wani lokacin da giya ake haɗa shi. Guzuri daga gida ya fi sauƙi. Idan kun ci, ku tsince komai har ɓurɓushi. Ragowar abinci na jawo hankaki da danginsa, su kuma suna cinye ƙwan wani tsuntsun teku da ke neman ƙarewa, wanda ba ya sheƙa sai a manyan rassan tsohon daji.

Zan iya zuwa da yara da iyaye? Akwai haɗari?

Stout Grove ya dace da kowa, sai dai akwai ɗan gangare daga wurin ajiye mota. Ga dattijon da gwiwa ke damu, hanyar ƙafa ta Simpson-Reed da ke gefen hanya 199 ta fi sauƙi, Drury kuma ko daga cikin mota ana more ta. Tsallakawa hasumiya gajeriya ce amma duwatsun na da santsi, ga ɗan hawa a ƙarshe. Idan Baba ko Hajiya ba za su iya ba, daga wurin ajiye mota ana ganinta sarai.

Akwai beyar da damisar dutse a dajin, amma ganinsu sai an dace. Elk ya fi su raunata mutane, musamman uwa mai ɗa a Mayu da Yuni da namiji a lokacin barbara cikin kaka, don haka daga nesa ake kallo. Akwai kaska, akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Wanda bai bar hanya ba ya tsira daga yawancin wannan. Haɗarin gaske teku ne. Ruwan na da sanyin da ke kashe jiki cikin mintuna, kuma akwai igiyar ba-zata da ke zuwa bayan an jima shiru, ta wuce inda sauran suka tsaya. Kada yaro ya ba teku baya, kada kowa ya hau gungumen da ruwa ya kawo gaɓa.

Ina itacen nan da mota ke wucewa ta cikinsa?

Ba ya cikin gandayen hukuma. Irinsu uku ne a kan hanya 101, duk a filayen masu zaman kansu, ana biya a ƙofa. Mafi kusa yana Klamath, kimanin kilomita 35 kudu da Crescent City, sauran biyun suna Myers Flat da Leggett, a hanyarka ta komawa San Francisco. Idan motarka mai faɗi ce, ka naɗe madubin gefe kafin ka shiga.